Kirsimeti Ta Zo, Gida Bai Cika Ba

Ya mai karatu, idan an yi rasuwa a gidanku bana, ko bara, ko shekara goma da suka wuce, wannan takarda taka ce. Idan kuwa mutuwa ba ta shiga ƙofarku ba tukuna, kada ka ajiye ta. Karanta saboda maƙwabcinka.

Ka san yadda akan yi. Ran da aka yi rasuwa gida yakan cika maƙil, maza a zaure da gindin itace, mata a ciki. Ana kawo fura da tuwo, fasto yana addu'a, 'yan'uwa na nesa suna isowa. Bayan kwana uku mutane su fara raguwa. Bayan mako guda an naɗe tabarmi, kowa ya koma gonarsa. Wata biyu, wata uku, ka fara cin abinci, ka fara barci, har wata rana ka yi dariya a kasuwa. Ka ce a ranka, "Na warke." Sai Disamba ta kama. Da dare ka ji yara suna koyon waƙoƙin Kirsimeti a majami'a, ka ga tela yana ta ɗinki har tsakar dare. Nan da nan ciwon ya taso sabo fil, kamar jiya aka yi jana'iza. A wannan karo kuwa babu kowa a zaure.

A kan wannan komowar ciwo za mu yi nazari.

Me ya sa ciwon yake komowa?

Yawancinmu mutanen ƙauye ba mu riƙe kwanan wata. Tambayi tsohuwa ranar da mijinta ya rasu, ba za ta ce maka 14 ga Satumba ba. Za ta ce, "Hatsi ya fara fid da kai," ko kuwa, "Ana cikin sussuka," ko, "Saura kwana biyu Layya." Lokatan shekara su ne kalandarmu. Saboda haka ba mu da wurin ɓuya. Mai kalanda yana iya juya takardarsa ga bango, amma wa zai hana hunturu zuwa? Wa zai hana ƙasa ta yi ƙanshi ran da aka yi ruwan fari?

A ƙasarmu kuwa mutuwa tana bin lokaci. Zazzaɓin cizon sauro ya fi ɗaukar yara daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, watau daidai lokacin da ake gasa tumu ana murnar sabon hatsi. Sanƙarau da ƙyanda sun fi yawa da rani da bazara. Manya suna tunawa da annobar sanƙarau ta 1995, mutanen Yamai kuma suna tunawa da ta 2015. Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, cikin wannan zafi ke nan. Akwai uwaye a ƙasar Maraɗi waɗanda suka binne 'ya'ya cikin yunwar 2005, akwai kuma tsofaffi da ba su manta da ta 1984 ba. Duk shekara, da rumbu ya fara nuna gindinsa, sai zuciyarsu ta tsinke, ko da akwai abinci a gidan.

Jiki magayi, in ji masu magana. Sau da yawa jiki yakan riga hankali tunawa. Mutum ya rasa barci, abinci ya ƙi shiga, kai ya yi nauyi, ya riƙa yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shi kansa bai san dalili ba. Sai daga baya ya ƙirga, ya ga ashe makon nan ne aka kai marigayi asibiti. Masu makoki da yawa sun gaya mini kwanakin da ke gaban ranar sun fi ranar kanta wuya. Jiran ta ne yake cin rai.

Ga wani abu kuma. Kirsimeti tana tsaye a 25 ga Disamba, amma Sallolin maƙwabtanmu Musulmi suna bin wata, suna matsowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara. Idan naka ya rasu ran Babbar Salla, to, ranakun tunawa biyu gare ka: ran da maƙwabci ya aiko da naman layya, da ran da lokacin shekara ya kewayo. Kada ka yi mamaki idan duka biyu sun taɓa ka.

Wannan rashin bangaskiya ne?

Tambayar da ta fi damun mai bi ke nan. Ya ce, "Na san Ubangiji ya tashi daga matattu. Na san matata tana wurinsa. To, don me nake kuka bayan shekara uku? Ko bangaskiyata ce ta yi sanyi?" Waɗansu ma 'yan'uwa ne suke ɗora musu wannan kaya, suna cewa mai bi na gaskiya ba ya daɗewa cikin makoki.

Buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta Farawa 35:16-20, sa'an nan ka tsallaka zuwa 48:1-7. A wuri na fari Rahila ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu, a kan hanya, kafin su isa Baitalami. Yakubu ya binne ta, ya kafa dutse a kan kabarin. A wuri na biyu Yakubu ya tsufa tukuf, yana kwance a Masar, Yusufu ya kawo masa 'ya'yansa biyu domin ya sa musu albarka. Yana cikin maganar albarka da gādo, sai tsohon ya kauce, ya shiga ba da labarin yadda Rahila ta mutu, da wurin da ya binne ta. Babu wanda ya tambaye shi. Bari mu ƙirga. An sayar da Yusufu yana da shekara 17, Yakubu ya same shi a Masar yana da wajen 39, ya kuma zauna can shekara 17. Wajen shekara 40 ke nan, ko fiye, tun rasuwar Rahila. Ranar murna ce, ranar ganin jikoki, ita ce kuwa ta tono masa ciwon. Ya dubi yaran nan, ya tuna da kakarsu wadda ba ta gan su ba. Duk da haka Ibraniyawa 11:21 ta lissafta wannan sa albarka cikin ayyukan bangaskiya. Ashe hawaye da bangaskiya suna iya kwana a ɗaki ɗaya.

Dubi Ubangijinmu kansa a Yohanna sura 11. Ya san abin da zai yi. Ya san kafin rana ta faɗi Li'azaru zai fito da ƙafarsa. Amma da ya ga Maryamu da masu makoki, sai hawaye suka zubo masa a gaban jama'a. Wa zai ce Yesu ya rasa bangaskiya? Mutanen kirki ne suka binne Istifanas, suka yi masa makoki mai zafi (Ayyukan Manzanni 8:2). Bulus kuma, a 1 Tasalonikawa 4:13, bai hana masu bi baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne irin baƙin cikin wanda ba shi da bege.

Mu Hausawa muna da kalma mai kyau, haƙuri. Da ita muke gaisuwar mutuwa. Amma waɗansu sun mai da ita marfin tukunya, suna rufe bakin mai kuka da ita. Haƙuri na gaskiya shi ne ka ɗauki kayanka ba tare da ka zagi Allah ko ka juya masa baya ba. Ba a ce kayan ba su da nauyi ba. Ina jin tausayin maza a nan ƙwarai, gama an koya mana namiji ba ya kuka. Na fi jin tausayin uban da ya rasa ɗan fari. Tun yaron yana da rai kunya ta hana shi kiran sunansa, yanzu ya mutu, kunya ta hana shi ko nuna ya damu. Ɗan'uwa, idan kai ne, ka sani Allah ba ya jin kunyar hawayenka. Idan ba za ka iya a gaban mutane ba, gona tana nan, ka tafi ka yi a gabansa.

An yi kuka a Kirsimeti ta fari

Idan yara suna wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, akan tsaya a wurin makiyaya da masanan gabas da kyautai. Ba safai akan ci gaba ba. Amma ka karanta Matta 2:16-18. Sarki Hirudus ya aika aka karkashe yara maza na Baitalami, daga mai shekara biyu zuwa ƙasa. A garin da aka haifi Mai Ceto, a cikin labari ɗaya, akwai uwaye da suka ƙi a ta'azantar da su. Matta bai ɓoye su ba. Tun Yesu yana jariri kuma tsoho Saminu ya faɗa wa Maryamu a Haikali cewa baƙin ciki mai kaifi yana jiranta (Luka 2:35). Saboda haka 'yar'uwa, ke da kika zauna a bencin baya ran Kirsimeti kina share ido da bakin zane, ba ki ɓata idin ba. Kina da wuri a cikin labarin tun daga farko. Domin irinki aka haife shi.

Akwai wani wuri da nake ƙauna, Ezra 3:10-13. Mutanen Isra'ila sun komo daga bauta, suna kafa harsashin sabon Haikali. Matasa suna sowa don murna. Tsofaffi da suka ga Haikali na dā suna kuka da ƙarfi. Muryoyin suka gauraya har mai ji daga nesa bai iya rarrabe su ba. Babu firist da ya tashi ya ce tsofaffi su fita waje, babu kuma wanda ya ce matasa su yi shiru. Haka sujadar Kirsimeti take a kowace majami'a, ko mun lura ko ba mu lura ba.

Shirya wa ranar tun ba ta zo ba

Manomi ba ya jiran hadari ya haɗu kafin ya nemi iri. Ranar za ta zo, ka san lokacinta. Abin da ya fi cutar da iyali shi ne kowa ya yi shiru, kowa yana tsoron tayar wa ɗan'uwansa da ciwo, har ranar ta same su ba shiri. Uwa tana kuka a madafa, uba ya fice tun da safe, yara suna zaune ba su san ko an yarda su yi wasa ba.

Mako biyu ko uku kafin idi, ka tara iyalinka bayan tuwon dare. Ka faɗi abin da kowa ya sani: "Bana Kirsimeti za ta yi mana wuya, gama Inna ba ta nan." Da ka faɗi haka ka sauke wa kowa rabin kaya. Sa'an nan ku yi shawara a kan ƙananan abubuwa, domin a cikinsu ƙaya take. Wa zai yanka zabo, tun da Baba ne yake yi? Wa za ta rarraba abinci a kwanuka a kai wa maƙwabta? Wa zai yi addu'ar safe? Ku ba kowane aiki mai shi tun da wuri. Idan akwai abin da ba za ku iya yi bana ba, ku bar shi. Babu ayar da ta ce dole a yi anko, ko a dafa shinkafa tukunya uku. Balle a ci bashi. Gidan da ya kashe kuɗi wajen jinya da jana'iza, kada ya sayar da hatsin rumbu domin mutane su ce bai gaza ba. Bana ku yi kaɗan. Baɗi kuna iya komawa yadda kuka saba, ko ku sāke.

Ba kowa ne zai so abu ɗaya ba. Wani yana so a yi kome yadda marigayi yake yi, wata kuwa ba ta iya ko ganin kwanonsa. Ɗaya yana so ya shiga cikin jama'a, ɗaya yana so ya kaɗaita. Miji da mata da suka rasa ɗa sukan yi faɗa a nan, ita tana ganin bai damu ba, shi yana ganin ta ƙi haƙura. Dukansu biyu ciwo ɗaya suke ji, tafiyarsa ce dabam.

Ku ambaci marigayi. Idan kunya ta hana kiran suna, akwai "Baban yara", akwai "Yaya", akwai laƙabin da aka san shi da shi. A Ayyukan Manzanni 9:36-39, da Dokas ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa riguna da ta ɗinka musu. Ba su ɓoye su a adaka ba. Suna riƙe da aikin hannunta suna ba da labarinta. Ku ma ku yi haka. Bayan an ci abinci, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake tunawa. Za a yi kuka, amma ina gaya muku za a yi dariya kuma, gama babu mutumin da bai bar labarin ban dariya ba. Idan akwai hotonsa ko muryarsa a salula, ku duba tare, da rana. Kada mutum ɗaya ya kwana yana maimaita ta shi kaɗai a duhu.

Ku tuna da yara. Su ma sun yi rashi, sai dai nasu yakan fito ta wata hanya: fitsarin kwance, rigima, manne wa uwa, ko tambaya ɗaya sau goma. Ku faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu. Kada a ce, "Ya yi tafiya," gama yaron zai zauna a ƙofar gida ran idi yana jira. Ku kuma bar su su sa sabuwar riga su yi wasa. Murnarsu ba raini ba ce ga wanda ya tafi.

Kai ma, idan ka ji daɗin nama, ko ka sami kanka kana rera waƙa, kada ka ce ka ci amanar marigayi. A Nehemiya 8:9-12 jama'a sun fashe da kuka a ranar idi. Nasu kukan na jin Shari'a ne, ba na mutuwa ba, amma dubi abin da Nehemiya ya umarta. Ya sallame su su je su ci su sha, su kuma aika da rabo ga wanda ba shi da kome. Ci, sa'an nan ka aika. Na ga gwauruwa wadda ta ɗauki rabon da takan zuba wa mijinta, ta aika wa wani tsoho makaho a unguwarsu. Tana yin haka kowace Kirsimeti. Ta ce da ni ya fi mata sauƙi da ta ga kwanon a kife.

Ranar cika shekara

Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda da yawa danginmu ne na jini, suna da ranakun da yawancinsu suke taruwa: kwana uku, kwana bakwai, kwana arba'in. Matar mamaci kuma tana takaba wata huɗu da kwana goma. Mu ba mu gaskata sadaka ko addu'armu tana sāke matsayin wanda ya riga ya mutu ba, gama mun dogara ga aikin da Almasihu ya gama. Amma a ganina, cikin gudun kada a ce muna kwaikwayo, waɗansu ikilisiyoyi sun zubar da kome, har da abin da yake mai kyau. Gwauruwar maƙwabci ta san ran arba'in mutane za su komo. Tamu gwauruwar fa, wa ya sa mata rana?

Littafi Mai Tsarki bai hana sa ranar tunawa ba. An yi wa Haruna makoki kwana 30, Musa ma haka. 'Yan matan Isra'ila sukan fita kwana huɗu kowace shekara domin tunawa da 'yar Yefta (Alƙalawa 11:40). Jibin Ubangiji kansa tunawa ne da mutuwa, a kan tebur, da abinci. Saboda haka idan shekara ta kewayo, kana iya kiran fasto ko dattijo da 'yan'uwa kaɗan, a karanta Magana, a gode wa Allah saboda ran wanda ya tafi, a yi addu'a domin waɗanda suka rage. Ba sai an yanka kome ba. Kana iya zuwa kabari ka gyara shi, ka cire ciyawa, kamar yadda Yakubu ya sa alama a na Rahila. Abin da aka hana shi ne neman magana da matattu, ko neman taimakonsu (Kubawar Shari'a 18:10-12). A irin waɗannan kwanaki mafarkin marigayi yakan yi yawa. Wannan abu ne da yake samun masu makoki ko'ina, zuciya ce take neman wanda ta saba da shi. Ba kiranka yake yi ba. Kada wani ya tsorata ka ya kai ka wurin boka ko 'yan bori.

Idan dangi Musulmi suna taron tunawa da mahaifinku, ka tafi ka gaishe su, ka zauna da su, ka taimaka da abin da ba zai ɓata lamirinka ba. Wurin makoki ba wurin gardama ba ne. Na san tambayar da take ci maka rai a irin wannan rana, game da wanda ya rasu bai shaida bangaskiyarka ba. Ba a ba ni ko kai kujerar shari'a ba. Ibrahim ya dogara cewa Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi rashin gaskiya ba (Farawa 18:25). Ka bar naka a wannan hannu.

Akwai kuma waɗanda ba su da kabarin da za su je, ba su ma san ranar ba. Ɗa ya tafi cin rani Libiya ko Aljeriya, waya ta daina shiga. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Irin waɗannan gidaje, idi ya fi yi musu zafi, gama lokacin ne matafiya suke komowa. Idan kuna cikinsu, ku zaɓi rana da kanku, ko ranar da ya bar gida, ku riƙe ta. Wani lokaci ma ikilisiya dukanta ce take da ranar. Masu bi na Damagaram da Yamai ba su manta da 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u aka kuma rasa rayuka. Ya kamata a tuna da irin wannan rana tare, da addu'a, a tuna kuma da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye masu bi a gidajensu.

Sa'ad da ya kamata a nemi likita

Ciwon da yake tasowa ran idi ya kwanta bayan 'yan kwanaki, wannan hanyar kowa ce. Yawanci shekara ta fari ta fi wuya, ko da yake waɗansu sun ce ta biyu ce, domin a lokacin ne suka gane da gaske ba zai komo ba. Amma akwai wanda nasa ba ya kwanciya ko kaɗan. Wata da watanni ba ya noma, ba ya wanka, ba ya kula da yara, tunanin marigayi kaɗai dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan doguwar damuwa cikin jerin cututtuka da ya fara aiki a 2022, idan ta wuce aƙalla wata shida tana hana mutum harkokinsa. Ciwo ne, ana kuwa taimakon mai shi. A kai shi likita mafi kusa, ko Galmi, ko babban asibitin Maraɗi, Tawa ko Damagaram, ana kuma ci gaba da addu'a.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ku lura da wanda ya fara neman barci a wurin giya ko ƙwayar tramol, musamman tsakanin Kirsimeti da Sabuwar Shekara. Idan kuwa wani ya ce gara ya bi marigayi, kada ku ce wasa yake yi, kada kuma ku yi masa faɗa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da igiya daga inda yake, a gaya wa fasto da ma'aikacin lafiya a ranar nan. Idan kai ne kake jin haka, ka faɗa wa mutum ɗaya yau.

Ke kuma uwa da zazzaɓi ya ɗauke miki ɗa da damina, na san tsoron da yake kama ki da an fara ruwa. Ki kai sauran su karɓi maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata da damina, ki kwantar da su cikin gidan sauro, da jiki ya yi zafi kuma ki tafi likita ba jinkiri.

Ga dattawa da zumuntar mata

A Kubawar Shari'a 16:11 da 14, sa'ad da Allah ya ba Isra'ila dokar idi, ya lissafta waɗanda za su yi murna tare da mai gida, ya sa maraya da gwauruwa a ciki da sunansu. Idin da aka manta da su bai cika ba. Mun iya jana'iza, wannan ba a faɗa. Abin da ya rage mana shi ne wata na shida, da wata na goma sha biyu.

Ga abin da nake roƙo. Magatakardan ikilisiya ya sayi ɗan littafi irin na 'yan lakwal, ya rubuta sunan kowane mamaci da ranar rasuwarsa. A farkon kowane wata dattawa su duba, su raba gidajen a tsakaninsu. A farkon Disamba kuma, da makon da ke gaban Ista, a duba sunayen shekara biyu da suka wuce duka. A cikin addu'ar ran idi a ambaci gidajen da aka yi rashi. Zumunta a ƙafa take. Saƙon salula yana da kyau ga na nesa, amma wanda yake gari ɗaya ya taka ya je.

Kada ku jira a kira ku. "In kina bukatar wani abu ki faɗa" magana ce da ba ta da amfani, gama ba za ta faɗa ba. Ku kawo itace, ku ɗebo ruwa, ku ɗinka wa marayu riga tare da na 'ya'yanku, ku biya ku tafi da ita sujada domin kada ta shiga ita kaɗai. Idan ta ce ba za ta iya zuwa bana ba, kada a sa ta a bakin duniya, a kai mata abinci a zauna kaɗan. Da damina matasa su yi gayya a gonarta tun ba a roƙe su ba.

Ku kula da baki. Misalai 25:20 ya kwatanta mai rera wa baƙin ciki waƙa da wanda ya tuɓe wa mutum riga a ranar sanyi, mu kuwa mun san sanyin Disamba. Kada ku ce, "Har yanzu?" Kada ku ce, "Ai kina da sauran 'ya'ya," ko, "Ka ƙara aure ka manta." Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, a nan ne suka yi daidai, da suka buɗe baki ne suka ɓata. Idan ba ka san abin da za ka faɗa ba, ka yi sallama, ka zauna, ka ce, "Na tuna makon nan ne. Shi ya sa na zo." Idan kana da wani labarin marigayi da iyalin ba su taɓa ji ba, wani alheri da ya yi maka a hanya ko a gona, ka ba su shi kafin ka tashi.